Ɗayyabu Edita da Ramin Ƙofar Kamfani

A Sharaɗa, can ƙarshen wani layi da tireloli suka cinye wa kwalta, akwai wani kamfani da yake yin kiret ɗin ƙwai da tsofaffin takardu. Duk wanda ya yi aiki a cikinsa a shekara ashirin ɗin nan ya san Ɗayyabu Edita. Bai taɓa aiki a gidan jarida ba, ko ƙofar ɗaya bai taɓa takawa ba. Abokan aiki ne suka laƙaba masa sunan don tsokana, shi kuma ya karɓa hannu bibbiyu, har ya zama in an kira shi Ɗayyabu zalla sai ya yi jim kafin ya waiwayo.

Daga wani ƙauye na ƙasar Ringim ya zo Kano yana saurayi, da takardar gama aji uku na sakandare a aljihu. Ya fara da masaƙa, ya shekara huɗu yana tura kurar zare, masaƙar ta rufe. Ya yi wata bakwai yana tsaron shagon wani ɗan garinsu, sannan ya samu wannan aikin. Ranar farko manaja ya tambayi sababbin ɗauka ko akwai wanda ya iya karatun boko da na Arabiyya. Ɗayyabu ya yi wuf ya ɗaga hannu, a zatonsa ofis mai fanka za a kai shi. Aka kai shi wata rumfar kwano a bayan kamfani, aka nuna masa tulin takardun da ya fi shi tsayi.

Aikin tsinta ne. Motoci suna kawo dilolin kwalaye, da littattafan makaranta da aka gama da su, da jaridun da suka yi kwantai. Kafin a zuba su a injin da yake markaɗa su su koma kamar kunu, sai an cire leda da ƙarfe. Amma abin da ya fi damun mai kamfanin, wani Alhaji mai takatsantsan, shi ne kada shafin da yake ɗauke da aya ko hadisi ya shiga injin, a wayi gari ana jera ƙwai a kansa. Saboda haka dole Ɗayyabu ya duba kowane shafi. Dubawa aka ce ya yi, shi ya mayar da ita karantawa.

Matsalar guda ce. Jarida ba ta isowa hannunsa sai ta yi wata biyu ko uku da fitowa. Ya taɓa shigowa rumfar mai shayi yana salati, wai an tsige shugaban wata ƙungiyar 'yan kasuwa, aka ce masa ai tuni aka mayar da mutumin, har ya yi walima an ci an watse. Bai ji kunya ba. Ya ce shi labarinsa irin daddawa ne, sai ya kwana biyu yake yin daɗi.

Jaridu biyu ne suka fi yawa a cikin dilolin, duka na mako-mako, duka da Hausa. Ɗaya sunanta Ƙararrawa, mai ita ɗan jam'iyyar adawa ne a wancan lokacin. Ɗayar kuma Taga, ana cewa mai ita ba ya nesa da gwamnati. Ɗayyabu ɗan adawa ne tun daga gida, domin jam'iyyar gado ya yi a wurin mahaifinsa, tare da wata tsohuwar rediyo. In Ƙararrawa ta zo hannunsa sai ya shafe ƙurar da bayan hannu, ya bi ta layi-layi. Taga kuwa da yatsa biyu yake ɗaga ta. Har rantsuwa ya taɓa yi cewa kiret ɗin da aka yi da Taga ya fi saurin yagewa, saboda takardar ƙarya ba ta da ƙwari.

Wanda yake tanka masa kullum shi ne Ladan, mai kula da injin markaɗe, ɗan Gwale, sa'ansa, kuma ɗan jam'iyya mai mulki. Ladan ya sha gaya masa cewa jaridun biyu a maɗaba'a ɗaya ake buga su a Bompai, da takarda ɗaya da tawada ɗaya, shi ya san direban da yake ɗauko su. Ɗayyabu ya ce direban ma ɗan jam'iyyarsu Ladan ne. A haka suke cin abinci a kwano ɗaya da rana, da yamma su hau kekuna su nufi Ɗorayi suna musu har mararrabar da suke rabuwa.

Abin da ya fi haɗa su musu shi ne ramin ƙofar kamfani. Wani kwalbati ne ya rufta a daidai nan, tireloli suka yi ta faɗaɗa wurin. Da damina ruwan sama yakan haɗu da baƙin ruwan da yake gangarowa daga kamfanonin sama, ya kwanta, wari ya hana mutum shan shayi cikin natsuwa. Wata shekara gwamnati ta ce za ta gyara layin. Tifa ta zo ta zubar da jar ƙasa sau biyu, aka kafa allon kwangila, shi ke nan ba a ƙara ganin kowa ba. Mai shayi ya ja bencinsa zuwa inuwar allon.

Bayan wata uku labarin ya iso rumfar Ɗayyabu ta baki biyu. Taga ta ce an kashe miliyan ɗari uku, aiki ya kai kashi tamanin, ta sa hoton wani titi sumul da itatuwan kwakwa a gefensa. Ƙararrawa ta ce miliyan ɗari tara ce ta yi ɓatan dabo. Ɗayyabu ya kai wa Ladan hoton ya roƙe shi ya nuna masa inda kwakwa ta fito a Sharaɗa. Ladan ya ce hoton misali ne, ana nuna yadda titin zai zama. Sannan shi ma ya tambaya a ina Ƙararrawa ta samo ɗari tara. Ɗayyabu ya ce daga majiya mai tushe, ga shi ma an rubuta.

Tun daga ranar ya samo wata gora ya ajiye a bayan ɗakin masu gadi. Duk Litinin da safe sai ya zura ta a ramin, ya yi alama da wuƙa a inda ruwa ya tsaya, ya bi mutane yana nuna musu yadda gwamnati take nitsewa.

Ana cikin haka wani ɗan jarida ya zo daga Ƙararrawa, wani siririn mutum mai gilashi, sunansa Muhammad Nazir. Yana neman wanda zai tsaya a cikin ramin a ɗau hoto. Masu gadi suka ce ai ba sai ya wahala ba, suka aika aka kira Edita. Ɗayyabu ya naɗe wando, ya shiga inda gorarsa ta gaya masa ya fi zurfi. Ruwan ya tsaya masa a ƙasan gwiwa. Muhammad Nazir ya duba wayarsa, ya ɗan yamutsa fuska, ya ce ko Baba za su ɗan rage tsawo. Ɗayyabu ya lanƙwasa gwiwoyi a cikin ruwan har ya kawo masa cinya. Da aka tambaye shi ra'ayinsa sai duk maganganun da ya shekara yana yi a rumfar shayi suka gudu. Abin da ya iya faɗa kawai shi ne ramin yana ba su wahala, musamman masu keke.

Wannan makon ne kaɗai a rayuwarsa ya sayi jarida sabuwa da kuɗinsa. Ga shi a shafin farko, tsamo-tsamo, an kira shi dattijo mai sharhi kan al'amuran yau da kullum. A ƙarƙashin hoton an rubuta cewa ya ce wannan rami kabari ne da aka haƙa wa amanar talaka, kuma almubazzaranci da dukiyar al'umma ya kai intaha. Ya karanta wa matarsa Hansatu sau biyu tana tankaɗen gari. Ta dakata ta dube shi.

"Malam, shekararmu goma sha takwas tare, ban taɓa jin ka ce intaha ba. Mece ce intaha?"

Ya ce mata magana ce ta masu ilimi, in ya tsaya fassarawa tuwo zai makara. Daga baya ya tambayi limamin unguwa a asirce. Kafin mako ya zagayo ya haddace jawabin nasa kaf, yana maimaita shi a rumfar shayi da ɗaga yatsa, har ya fara tuna lokacin da ya faɗe shi.

Bayan wata uku kwantan wannan fitowar ya iso. Ɗayyabu ya kwance dila ya ga fuskarsa, ya ɗaga ya ga fuskarsa, har ƙasa. Ashe mutanen Kano ba su yi rububin sayensa ba. Ya duba shafukan, babu aya babu hadisi, ba shi da hujjar hana su shiga inji. Ya ɓoye talatin a cikin riga, sauran ya loda a baro ya tura wa Ladan da kansa. Ladan ya riƙa ɗaukarsu ɗaya-ɗaya yana jefawa, kowace sai ya ce mata a sauka lafiya, ya kuma yi masa albishir cewa makon gobe ƙwan Kano a kan fuskarsa za su kwana.

Da zaɓe ya zo jam'iyyarsu Ɗayyabu ta ci. Ya sayi lemo ya raba wa masu gadi, ya ba Ladan kwalba biyu don ya huce. Ya gaya wa kowa cewa ramin nan kwanakinsa sun ƙare.

Sabuwar gwamnati ta sake ba da kwangilar layin. Aka cire tsohon allo aka kafa sabo, wanda ya fi faɗi, mai shayi ya ƙara benci. A wannan karon Ƙararrawa ce ta ce an ware biliyan ɗaya da miliyan ɗari biyu, ta kira abin hangen nesa. Taga ta ce biliyan uku ce, ta kira shi almubazzaranci da dukiyar al'umma. Ɗayyabu ya daɗe yana kallon kalmar. Ya san ta, a gidansu take, ga ta ta tashi ta koma gidan maƙwabta ba sallama. Ya jefa Tagar a tuli da yatsa biyu, ya ci gaba da aiki.

Gorar awo kuwa ya ba mai shayi ya hura wuta da ita, ya ce ta tsufa. In Ladan ya tambayi labarin rami sai ya ce damina ce, ba a zuba kwalta a kan ruwa. Da rani ya shigo ya ce siminti ne ya yi tsada. Da wata daminar ta dawo ya ce ɓarnar da aka gada ba ta gyaruwa a shekara ɗaya. Har ya fara cewa shi a ganinsa ramin ya ɗan tsuke. Ladan ya ce a kawo gora a gwada, Ɗayyabu ya ce mutumin kirki ba ya yawo da sanda yana auna gwamnati.

Wata safiya a watan Agusta, an kwana ana ruwa, ya zo shiga kamfani ya tarar da tirela ta tare hanya. Ya kauce ta gefen da ya saba bi, ashe gefen ya zaizaye. Tayar gaba ta nutse, keke ya ɗaga baya, Ɗayyabu ya tafi da hannu. Ya ji ƙas a tsintsiyar hannunsa na dama. Shi da bakinsa yake faɗa cewa kafin ya duba hannun, sai da ya ɗaga kai ya duba ko Ladan yana kusa. Babu kowa sai Mairama mai abinci tana sauke tukwane. Ta taimaka masa ya fito, ta tsayar masa da adaidaita sahu. Yana riƙe da hannun, zufa tana keto masa, ya roƙe ta don Allah kada ta gaya wa kowa inda ya faɗi.

Maɗori ya ɗaure hannun da karare, ya ce sai ya yi mako shida. Ɗayyabu ya aika wa manaja cewa santsin banɗaki ne ya kwashe shi a gida. Ran Juma'a da yamma Ladan ya zo dubiya da ledar lemon zaƙi. Suka zauna a soro, Ɗayyabu ya ba da labarin banɗakin da tsari, har da sabulun da aka bari a ƙasa. Ladan yana ta sannu, yana cewa a riƙa kula. Sai Hansatu ta turo ruwan sha, ta tsaya daga bayan labule suka gaisa.

"Malam Ladan, ku da kuke aiki tare, me kuke wanke baƙin ruwan nan da shi? Wandon da ya faɗi da shi na wanke sau uku, har yanzu warin Sharaɗa yake."

Ladan ya dubi Ɗayyabu. Ya ajiye kofi a hankali don kada ya zubar, ya juya wa bango fuska, kafaɗunsa suna rawa. Da ya samu numfashi ya share ido da hula, ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya kuma shawarci Ɗayyabu ya rubuta wa gwamnati ta zo ta gyara masa banɗaki.

Ya koma aiki hannu a rataye, yana tsinta da hagu. Kwana uku da komawarsa masu gadi suka ce ana sallama da shi. Muhammad Nazir ne, ya ɗan yi ƙiba, ya sauya gilashi. Ya ji labarin karayar, yana so Baba su sake tsayawa a ramin, a wannan karon da hannun a ɗaure. Ɗayyabu ya ja shi gefe ya ce masa ai bai kamata Ƙararrawa ta tona wa gwamnatinta asiri ba. Ɗan jaridar ya ce ai shi yanzu a Taga yake.

"Ka sauya jam'iyya ke nan?"

"Baba, ni ban taɓa yin jam'iyya ba. Tun da aka ci zaɓe Ƙararrawa ta daina karɓar labarin rami, sai labarin bikin yanka kirtani da aza harsashin gini. Ni kuma labarin rami na iya. Da na ga Taga ta fara nema sai na koma can."

Ɗayyabu ya ce shi dai ba zai shiga ruwa ba, kuma a banɗaki ya faɗi. Muhammad Nazir ya yi masa sannu da ladabi ya tafi. Mako na zagayowa Taga ta fito da tsohon hoton nan, wanda yake ajiye a wayar ɗan jaridar tun wancan lokacin, da jawabin nan kalma da kalma, har da intaha. Ba a jira wata uku ba a wannan karon, domin wani ya ɗauki hoton shafin ya tura a zauren WhatsApp na jam'iyya na mazaɓarsu.

Aka kira shi ofishin mazaɓa bayan la'asar. Dattawa shida a kan benci, shugaba yana riƙe da waya. Aka ce ana zarginsa da yi wa jam'iyya zagon ƙasa. Ɗayyabu ya ce hoton tsoho ne, a duba gemunsa, a lokacin furfurar ba ta kai haka ba. Wani ya ce hoton ya dushe, ba a gane gemu. Ya ce maganar ma ba shi ya faɗe ta ba, ɗan jarida ne ya ƙirƙira. Shugaba ya tuna masa cewa a wannan bencin ya sha karanta musu ita da ka, yana dukan ƙirji. Da ya ga ƙofofi suna rufewa sai ya miƙe, ya ce to ruwan ma bai kai cinya ba, durƙusawa ya yi, ya lanƙwasa gwiwoyi a gabansu ya nuna yadda aka yi. Sannan wani tsoho ya tambaya, to a wancan lokacin ƙarya ya yi wa waccan gwamnati ke nan. Ɗayyabu ya ce ƙarya ce, amma ta alheri. Aka yafe masa bisa sharaɗin kada ya ƙara tsayawa a gaban kyamara. Kafin ya isa gida labarin durƙuson ya riga shi zuwa wurin Ladan.

Ramin dai ba gwamnati ce ta cike shi ba. Wata tirelar kamfanin maƙwabta ce ta kife a ciki da kaya, manajojin layin suka zauna, kowa ya kawo ɓaraguzan gini da duwatsu. Wata Asabar ma'aikata suka fito da shebur. Ladan yana tura baro, Ɗayyabu da hannu ɗaya yana nuna inda za a zuba, tun da ba wanda ya kai shi sanin zurfin kowane gefe. Ƙararrawa ta ba da labarin a matsayin kashin farko na aikin gwamnati. Taga ta ce jama'a sun yanke ƙauna sun ɗauki shebur. A hotunan biyu Ladan ne da baronsa, Ɗayyabu ya ɓuya a bayan allon kwangila saboda sharaɗin dattawa.

Yanzu jaridu sun ragu a cikin diloli, yawanci kwalaye ne da takardun jarrabawa. Idonsa ma ya fara neman gilashi. Har gobe jam'iyyarsa yake zaɓa, Ladan ma tasa, kuma kwanonsu ɗaya. Bambancin da aka samu shi ne in ya fara kawo lissafin abin da aka kashe a wani aiki, yakan faɗi jaridar da ya gani a ciki tun kafin a tambaye shi, don mai sauraro ya san nawa zai rage ko ya ƙara.

Bara babbar 'yarsa Yusra, wadda take karatun aikin jarida, aka ba su aikin hira da wani ma'aikaci a kan yadda gwamnati take kashe kuɗi a unguwannin masana'antu. Ta ce ba ta da wanda ya fi Baba. Ya yi wanka, ya sa hular Juma'a, duk da ta gaya masa murya kawai za ta ɗauka. Ta ajiye waya a kan tabarma ta danna, ta tambaye shi ko a ganinsu kuɗin da ake warewa yana isa inda aka ce. Ɗayyabu ya gyara murya, ya gyara zama, ya sunkuyo kusa da ita ya rage sauti.

"Tukuna. Shi malamin naku da zai duba, ɗan wace jam'iyya ne?"

Yusra ta yi dariya har ta kwanta a kafaɗar uwarta, amma ba ta goge ba. Da wannan tambayar ta buɗe rubutunta, yadda ya faɗe ta, ba ragi ba ƙari. Malamin ya ba ta maki mai kyau, ya kuma karanta wa 'yan aji. Tun kafin ta kai, Ɗayyabu ya roƙe ta ta ɗan gyara masa maganar, ko da kalma ɗaya ce mai nauyi, ta ce an hana su ƙara wa mutum abin da bai faɗa ba.